Zakaran Koci

A gidanmu na Kurmin Mashi, idan ƙamshin farfesun kaza ya tashi ba Sallah ba, ba suna ba, to maƙwabta ba sa bukatar kunna rediyo. Sun san an kori koci.

Haka na taso na tarar. Babanmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya ƙare aikinsa a sashen ɗaukar ma'aikata, kuma tun da ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi wa intabiyu sai kulob ɗin ƙwallon da yake goyon baya. Kulob ne na ƙwararru, yana da manaja mai ofis da mota, yana da koci, yana da doguwar motar da ke kai 'yan wasa garuruwa. Baba bai taɓa riƙe ko tsintsiya a kulob ɗin ba. Amma duk manajan da aka naɗa, da kocin da manajan ya kawo, da yaran da kocin ya ɗauka, sai sun bi ta gaban teburinsa, wato tabarmar da ke shimfiɗe a ƙofar gidanmu bayan la'asar.

Ga yadda abin yake. Idan aka sanar da sabon koci, Talatar da ta biyo baya Baba zai tafi kasuwar Kawo ya sayo zakara, ya sake shi a tsakar gida. Wannan shi ne zakaran koci. Muddin mutumin yana kan kujerarsa, zakara yana cin tsaba yana cara. Ranar da aka kore shi kuwa, washegari Baba zai wasa wuƙa, ya taka fikafikan zakaran, ya faɗi laifin kocin da ƙarfi yadda kowa zai ji, sannan ya yi bismillah. Faɗin laifin nan dole ne, domin Baba ya ce shi bai taɓa sa hannu a sallamar mutum ba sai da dalili. Da yamma 'yan majalisarsa su hallara, a sha farfesu, a yi wa manaja da koci da 'yan wasa wankin babban bargo.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne girman zakaran shi ne hukuncin. Idan Baba ya ga koci zai daɗe, ɗan tsako yake sayowa, wai kafin a kore shi ya yi nama. Idan ya ga ba zai kai ko'ina ba, sai ya sayo ƙato wanda ya isa tukunya tun a ranar. Saboda haka duk Talatar da ya dawo, mu yara da Mama mukan tsaya a bakin zaure mu ga abin da ke rataye a hannunsa, mu san yaushe za mu ci kaza.

Kuma mun ci kaji, tsakani da Allah. An yi wani manaja da ya kawo koci daga nesa da kiɗa da algaita, mutumin bai gama gane hanyar filin wasa ba aka sallame shi. An yi wani kocin da ya kwaso rabin 'yan garinsu, har gola. An yi wanda ya ɗauko mana ɗan gaba wai matashi, sai ga babban ɗansa ya zo kallo da gemu. Ni a lokacin ban damu da ƙwallo ba ko kaɗan. In na ji Baba ya shigo yana tsaki ranar wasa, har addu'a nake yi a zuci, Allah ya sa a ƙara cinye su, domin ni cinya nake so.

Babban abokin gardamarsa wani tela ne daga Hayin Banki, muna ce masa Kawu. Bakano ne, Baba kuma Bazazzagi, don haka ko gaisuwa ba sa yi sai da tsiya. Idan Baba ya ce fari, Kawu zai ce baƙi tun kafin ya ji a kan me ake magana. Abin da ke ba Kawu haushi shi ne zakarun Baba ba su cika yin ƙarya ba. Shi kuma Baba ya rataya wannan a wuya kamar laya.

"Ni fa ban taɓa kuskuren karanta mutum ba," haka yake cewa. "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta."

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa na zauna a gida ina neman aiki, a shekarar aka naɗa wani sabon manaja, shiru-shiru, ba a san shi da kowa ba. Ya kawo koci matashi, tsohon ɗan baya wanda ko a zamaninsa ba wanda ya taɓa yi masa tafi. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa Baba rai, sai kocin ya ƙara da nasa. A al'ada, kafin kakar wasa akan buɗe fili a yi tantancewa, jama'a su yi dafifi, kowane yaro da babban mutumin da ya turo shi. Shi wannan kocin sai ya ce ba ya yi. Ya hau babur yana bin filayen ƙasa na unguwanni, Rigasa, Kawo, bayan makarantu, yana tsayawa a gefe kamar mai jiran wani, yana ɗaukar yaran da ba su da kowa. Sannan ya sallami tsohon ɗan gaban da Baba yake ji da shi kamar ɗan cikinsa.

Ranar Talata muka tsaya a bakin zaure. Sai ga Baba ya sauko daga keke napep da wani abu, ni da farko na ɗauka talotalo ne. Jan zakara ne ƙato, mai zanko kamar hular dara, ƙafafunsa sun yi kaurin muciya. Baba ya dire shi a tsakar gida ya karkaɗe hannu.

"Hajiya, ki tanadi kayan yajinki," ya ce wa Mama. "Wannan ba zai ga sabon wata ba."

Zakaran ya miƙe, ya girgiza jiki, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya tako kai tsaye ya zo ya tsaya a kan ƙafata.

Ba zan ce ga dalili ba. Wataƙila don mu biyu ne marasa aikin yi a gidan. Kowa ya fice da safe, Mama ta shiga kicin, ni in zauna a baranda ina tsintar shinkafa ko ina latsa waya ina duba inda ake ɗaukar ma'aikata, shi kuma ya zo ya lafe a gefen zanina. In na tashi ya bi ni. In na dawo daga intabiyu, wanda tun a layi ake gane waɗanda aka turo da waɗanda suka turo kansu, shi ne yake fara tarata a zaure. Nakan zauna in ba shi labari duka, yana karkata kai yana kallona da ido ɗaya. Kafin in farga na fara ɓoye masa ƙanzo. Ina son zakaran nan, ba na jin kunyar faɗa.

To a nan ne lissafi ya juye mini. Ni da nake addu'ar a cinye kulob don in sami cinya, sai ga shi wuyan abokina yana rataye a ƙafafun wasu yara 'yan Rigasa da ban taɓa gani ba. Dole na koyi ƙwallo. Na shiga zauren magoya baya a waya, na fara sauraron shirin wasanni da Baba, ina yi kamar shara nake yi a kusa. Cikin 'yan makonni na san wane ne ke gudu ba ya kallon gefe, wane ne ke da ƙafar hagu kawai, wane gola ne ke tsoron fitowa. Na san cewa a gasarmu cin wasa a gida ba abin a zo a gani ba ne, kowa yana yi. Abin da ake auna koci da shi shi ne ya je garin wasu ya dawo da maki.

Wasan farko a gida aka ci. Baba ya ce ai gida ne. Na biyu aka je waje aka sha kashi, Baba ya dawo daga masallaci yana murmushi, ya tsaya yana duban zakaran yana auna ƙirjinsa da ido. Ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba. Aka dawo gida aka sake ci. Sabon wata ya tsaya, ya yi girma, ya mutu, zakara yana nan yana tashin unguwa da asuba.

Sai ranar da aka je wani gari mai nisa, inda Baba ya ce tun yana saurayi ba mu taɓa fitowa da rai ba. Muna zaune, rediyo a kan tabarma, Kawu ya zo musamman. An ci mu ɗaya tun da wuri. Baba ya jingina da bango ya ce wa Mama ta duba ko akwai citta. Can wasa ya kusa tashi, sai muryar mai sharhi ta fara hawa, tana hawa, wani ɗan siririn yaro da kocin ya tsinto a bayan wata firamare ya yanke mutum biyu ya zura ta a raga. Aka tashi kunnen doki.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Na suri zakaran na rungume, ina zagaya tsakar gida da shi, ɗankwalina ya faɗi, shi yana ihu ina ihu. Mama ta fito da ludayi a hannu ta zaci gobara ce. Kawu ya cire hularsa yana fifita da ita yana dariya har da hawaye.

"Bazazzagi, ka ji ko? Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi."

Baba ya kashe rediyo. "Sa'a ce," ya ce. Sannan ya dube ni. "Uwata, yaushe kika fara kallon ƙwallo?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

Na ce, "Tun ranar da ka sayo shi, Baba."

Daga ranar na sami wuri a majalisa. Ba a kan tabarma ba, a'a, daga cikin zaure nake zama a kan kujera 'yar tsugunne, ina jefa baki ta ƙofa. Idan wani dattijo ya ce kocin ya yi wauta da ya sallami tsohon ɗan gaba, sai in ce, ranka ya daɗe, mutumin da ba ya komawa baya ya taya tsaro ai mutum goma yake bar maka a fili. Idan aka ce yaran ba su da suna, in ce suna ba ya gudu. Kawu ya riƙa kirana lauyan zakara. Baba yana jin daɗin abin, ina gani a fuskarsa, amma bai taɓa janye maganarsa ba. Duk wasan da aka ci sa'a ce, duk wanda aka rasa kuwa ai dama ya faɗa.

Kaka ta ƙare muna can sama-sama a tebur, abin da aka daɗe ba a gani ba. Aka shiga ta biyu da koci ɗaya, abin da ni ban taɓa gani ba sam. Zakara ya zama mai gida. Ya kori kyanwar maƙwabta, ya hana mai kawo ruwa shigowa sai da rakiya, yana hawa kan babur ɗin yayana ya yi cara kamar shi ya saya. Mama ta ce tsabar da ya ci ta isa ta aurar da ni. Baba kuwa kullum da asuba sai ya jefe shi da takalmi ta taga, kullum kuma sai ya kuskure. Mu dai mun manta ɗanɗanon farfesun kaza, kuma ban da yayana ba wanda ya yi ƙorafi da ƙarfi.

Ana tsakiyar kaka ta biyu masu kulob suka canza manaja. Ba su faɗi dalili ba. Sabon ya zo da nasa yaran, kowanne da mai gidan da ya turo shi, ya ce a sa su a fili. Kocin ya sa su a benci. Zauren magoya baya ya ɗauki zafi, ni kuma na daina barci sosai, don na riga na san yadda irin wannan labarin yake ƙarewa. Na ga irinsa a layin intabiyu. Aka yi wani wasa a gida aka tashi canjaras, ba a ma cinye mu ba. Washegari da yamma mai shirin wasanni ya karanta sanarwa cewa an sallami koci saboda rashin kyakkyawan sakamako.

Zakaran yana can gindin rariya yana tonon ƙasa abinsa. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, gobe." Ya shige ɗaki.

Na yi tunanin komai. Na ce in saka shi a kwali in kai shi gidan ƙawata a Rigasa, amma wannan zakaran ko a rijiya ka ɓoye shi sai ya tona kansa da asuba. Na ce in sayo wani in musanya, amma Baba mutum ne da ke gane tsohon ma'aikacinsa ta ƙeya. Na je wurin Mama, ta ce, "Ke kin san babanki. Magana in ta fita bakinsa ba ta komawa." Tana faɗa tana jajjaga attaruhu, amma ba ta dube ni ba.

Da hantsi Kawu ya iso, ko shago bai buɗe ba. Wasu dattawan majalisa biyu suka biyo shi. Baba ya fito da wuƙa, ya wasa ta a bakin dutse, ya gwada a farcensa. Yayana ya yi ta bin zakaran yana kufce masa, har Baba ya ce, "Uwata, kira shi." Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na tsuguna na miƙa hannu, ya taho da gudunsa kamar kullum. Na ba shi ruwa a murfin kwano yadda ake yi kafin yanka, ya sha, yana ɗaga kai sama. Na miƙa wa Baba shi, hawaye yana zuba ban share ba.

Baba ya fuskanci gabas, ya kwantar da shi, ya taka fikafikan da ƙafa ɗaya, ƙafafun da ɗaya. Ya kama kan. Saura faɗin laifi.

"Wannan koci," ya fara da muryarsa ta ofis, "an kore shi saboda..."

Ya tsaya. Muka jira. Ya sake gyaran murya.

"Saboda ya sallami ɗan gabanmu."

"Wanda yanzu ba kulob ɗin da ya ɗauke shi," in ji Kawu a hankali.

"Saboda ya kwaso yaran da ba a san su ba."

"Waɗanda yanzu manyan kulob ke zawarcinsu," in ji ɗaya daga cikin dattawan.

Baba ya sunkuyar da kai. Zakaran yana ƙasa yana lumshe ido, ko motsi ba ya yi. Can sai Baba ya ɗago ya dube ni.

"Lauya, ke me kika gani? Mene ne laifinsa?"

Na ce, "Baba, ya ɗauki waɗanda suka iya, ya bar waɗanda aka turo. Shi ke nan abin da ya yi. An bar jaki ana dukan taiki."

Ya daɗe yana kallona, kuma na san ba zancen ƙwallo kaɗai yake ji ba. Shi ne yake ba ni kuɗin mota duk ranar intabiyu, shi ne kuma ya ƙi kiran kowa a waya ya nema mini alfarmar aiki, don ya ce bai yi wa 'ya'yan wasu ba, ba zai yi wa tasa ba. Ya dubi wuƙar hannunsa. Sannan ya ɗage ƙafar dama, ya ɗage ta hagu.

"Su suka kore shi," ya ce. "Ni ban kore shi ba."

Zakaran ya yi tsalle ya miƙe, ya girgiza ƙura, ya dubi jama'a kamar mu ne muka yi abin kunya. Ya hau kan turmi ya saki cara da rana tsaka. Ni kuma na zube a ƙasa ina dariya ina kuka a haɗe, na rasa wanne zan fara tsayarwa. Mama ta leƙo daga kicin, ruwa yana tafasa a bayanta.

"To ni albasar da na yanka fa, Alhaji?"

"A nemo busasshen kifi," in ji Baba.

Kawu ba ya barin dama ta wuce shi. Ya matso har gaban Baba, ya gyara hula. "Bazazzagi, tsaya tukuna. Kai ne ka sayo ƙaton zakara ka ce ba zai ga sabon wata ba. Ka yarda ka karanta mutumin nan ba daidai ba?"

Duk mun san amsar da ya saba bayarwa. Baba ya goge wuƙar a gefen rigarsa duk da ba abin da ta taɓa, ya mayar da ita kube.

"Na yarda," ya ce.

Kawu ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya rufe. Tun suna samari yake jiran wannan kalmar, da ta zo kuma ya rasa abin da zai yi da ita. Da yamma aka sha farfesun kifi a ƙofar gida, aka yi wa sabon manaja tatas, kuma a ranar Baba da kansa ya ce in fito da kujerata daga zaure in ajiye ta a bakin tabarma.

Kafin mako ya zagayo aka sanar da sabon koci. Ranar Talata muka tsaya a bakin zaure ni da Mama, bisa sabo. Baba ya sauko daga keke napep ba komai rataye a hannunsa, sai wani ɗan ƙulli a leda. Ya wuce mu, ya je tsakar gida ya tsuguna a hankali saboda gwiwarsa, ya kwance ledar. Gero ne. Ya zuba a tafin hannunsa ya miƙa, ya yi ta jira har zakaran ya yarda ya matso.